Wa Ya Zana Leburan Bompai?

A cikin tsohuwar adakar Babanmu, can ƙarƙashin takardar fili da rasiɗan makarantarmu, akwai wani guntun kwali wanda bai fi tafin hannu biyu ba. A fuska ɗaya an buga layuka da gidajen lamba, irin waɗanda ake cikewa da lissafin yadin da inji ya saƙa. A bayansa kuwa wani ya zana mutum da fensir. Mutumin ya ɗan sunkuya a gaban injin saƙa, hula ta koma ƙeya, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yatsunsa biyu sun kamo bakin zaren da ya tsinke. Fuskar ba ta fito sosai ba. Amma duk wanda ya san Baba, da ya ga yadda kafaɗar hagu ta ɗara ta dama tsawo, ya san shi ne. Har gobe haka yake tsayuwa in abu ya ɗauke masa hankali.

Wani abokin aikinsa ne ya zana shi, a wata masaƙa da ke Bompai, tun ba a haife ni ba. Suna aikin dare, injin mutumin ya tsaya, yana jiran makaniki, sai ya zaro fensirin cike kati daga bayan kunne ya shiga zane. Baba ya ce shi bai ma san ana yi ba, sai da aka tashi da asuba aka miƙo masa. Shekara 14 ya yi yana takawa daga Dakata zuwa wannan masaƙa. In ka cire ɗan hoton da ke jikin katinsa na shaida, wanda ya ƙame a ciki kamar an kama shi da laifi, kwalin nan ne kaɗai abin da ya nuna shi a bakin aiki.

Tun ranar da na ci karo da shi nake lura da zane-zanen Kano duk inda na gan su: bangon otal, zauren banki, kalandar ƙarshen shekara, shagunan da ake sayar wa baƙi tsaraba. Abin da ake zanawa bai wuce guda biyar ba. Doki da lifidi a hawan Sallah, mai busa kakaki, ƙofar gari, 'yar Fulani da ƙwaryar nono, sai karofin Ƙofar Mata. Garin da ya daɗe ana kiransa na biyu a masana'antu bayan Legas, garin da jiniyar kamfani ta yi shekaru tana tashin unguwanninsa daga barci, da ƙyar za ka ga ma'aikacinsa ɗaya a jikin bango. Wannan rashi yana da tarihi, kuma ya girmi Bompai nesa ba kusa ba.

Ranar 2 ga Fabrairun 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano yana kiran kansa Abdulkarim. Aka sauke shi a unguwar Dala. Abin da ya fi burge shi a garin shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Ya kuma yaba da cewa a gida ake wannan sana'a, iyali na ci daga gare ta ba tare da sun watse ba, saɓanin Turai inda ake cusa mutane a manyan masana'antu ana tatsar ƙarfinsu. Yabon nan yana da tawaya, domin bayi ne suka noma kaso mai yawa na audugar a rinji, kuma shi kansa ya ga ana cinikin mutane a kasuwa. Amma dai ka riƙe maganarsa a kan masana'antun Turai, za mu dawo kanta.

A rubuce, Barth ya ga mutane da kyau. Ya ba da labarin ranar da ya hau doki ya zaga gari, ya bi ta marina inda wani ke motsa baba a karofi, wani na tsamo riga yana shanyawa, mabuga na bugu suna waƙa daidai da saukar mabugi, can gaba ga maƙeri na fama da ƙarfe. Da aka zo zane kuwa, sai ya hau Dutsen Dala ya ɗauko garin daga sama. Wannan zane ne wani gwanin zane na Jamus, Johann Martin Bernatz, ya gyara aka buga a littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i 5, wanda ya fito a 1857 da 1858. Ga soraye, ga bukkoki, ga itatuwan dabino, gari ya miƙe iya ganin ido. Daga kan Dala ba a hango hannun marini da baba ta rine. A littafin akwai taswirar garin, akwai tsarin ɗakunan gidan da ya sauka, har da takalman fata irin na Kano. Badukun da ya ɗinka takalman ne bai samu shiga ba.

Shekara 60 bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai da auduga domin masaƙun Ingila, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata, aka kuma samu dalar gyaɗa, wadda ake cewa guda ɗaya kan ci buhu wajen 15,000. Kowane buhu a ka aka ɗauke shi, aka taka 'yan'uwansa aka hau da shi har inda zai zauna. Dala ta zama tambarin Kano a idon duniya. A jerin kan sarkin da aka fitar a 1953, wanda wani Bafaranshe mai suna Maurice Fiévet ya zana bayan ya zaga ƙasar, gyaɗa aka bai wa na kwabo ɗaya da rabi.

A nan akwai wani abu da nake so ka duba da idonka. Lokacin da naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, bayan takardar naira ɗaya mutane ne aka zana suna jibga buhuna. Leburori ne, ba wani ado, kuma duk wanda ya karɓi albashi a shekarun nan ya riƙe su a hannu. Yanzu zaro naira 200, wadda aka fara bugawa a shekarar 2000, mai ɗauke da Sardauna a gaba, ka juya bayanta. Dalar buhuna tana nan, ga shanu, ga amfanin gona. 'Yan dakon ne suka ɓace, kamar dala da kanta ta hau kanta. Kuma lokacin da aka zana ta a kuɗin, ita ma dalar ta gaskiya ta daɗe da ɓacewa daga Kano. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 da kuɗin man fetur sun riga sun gama da ita.

Gyaɗa ce ta haifi Bompai. Tun a shekarun 1950 aka keɓe wajen domin masana'antu, kusa da layin dogo, aka fara da matse man gyaɗa, kamar kamfanin P.S. Mandrides, sannan sabulu da turare da alewa da kwanukan tasa da takalma suka biyo baya, yawanci a hannun Kwarori da Turawa. Daga baya masaƙu suka zo, aka kafa kamfanin fulawa, ana harhaɗa kekunan Raleigh. Da kuɗin mai ya shigo, aka kuma yi dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa a 1972 da 1977, attajiran Kano suka shiga da ƙarfinsu. Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, daga baya masaƙar Gaskiya ta zo. Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa, aka buɗe Challawa inda majemu suka taru a bakin kogi. Unguwanni irin su Tudun Wada da Gwagwarwa da Birget da Dakata da Kawaji suka kumbura da masu neman ɗakin haya kusa da aiki. Abin da Barth ya yi wa Kano murnar ba ta da shi, ga shi ya iso har gida.

Su waye mutanen? Wani Ba'amurke masanin zamantakewa, Paul Lubeck, ya zauna da su a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Ya tarar da yawansu 'yan ƙauye ne da suka fara shigowa birni da almajiranci ko ci-rani, wasu gardawa ne da suka yi nisa a karatun allo kafin su tsaya gaban inji. Ya rubuta yadda suka yi ta fama da masu kamfani a kan a ba su lokacin salla. Ya kuma shaida yajin aikin 1971, lokacin da kwamitin Adebo ya yi ƙarin albashi, wasu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, ma'aikata suka fito suna bi kamfani kamfani a Bompai suna fito da 'yan'uwansu. Ka kwatanta wannan a ranka: ɗaruruwan mutane da ƙurar auduga a gashin ido, sun cika titi, heluma ya rasa ta cewa. A wata ƙasar da tuni wannan rana tana rataye a gidan tarihi. Mu a littafin Bature, da Turanci, muke samunta.

Ba kuwa rashin masu zane ba ne a kusa. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan aka dawo da shi kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, za su haɗa abin da aka koya musu da abin da suka gada. Tarihin zanen zamani na Nijeriya ba ya cika sai an ambace su. Ɗaya daga cikin malamansu, Clara Ugbodaga-Ngu, a Kano ma aka haife ta, kuma ta zana matan kasuwa, ta zana mabarata. Ɗalibin Zariya bai rasa fita kasuwa da littafin zane da fensir ba, wannan yana cikin horonsa. Sai dai yawancin na farkon daga Kudu suka zo, kuma gadon da suka waiwaya suka ɗauko na garuruwansu ne. Waɗanda suka zana Arewa, irin su Jimo Akolo da daga baya Gani Odutokun, an fi tuna su da makaɗa da mahaya da hawan daba. Aikinsu yana da kyau, ba na ƙwace musu komai. Abin dai shi ne, Zariya da Bompai tafiyar rabin yini ce ko a motar da, amma kamar akwai teku a tsakani.

Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce addini. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, wannan ba abin musu ba ne, kuma shi ya sa gwanintar hannunmu ta karkata ga zayyanar allo da aska takwas a wuyan riga da dagi a jikin soro da ɗinkin hula. Malaman Malikiyya da yawa sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, suka tsananta a kan na farko, suka sassauta a kan na biyu; wasu malaman kuma ba su yarda da wannan sassauci ba. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ido ke gani kawai nake faɗa. Garin nan ne ake liƙa hoton Shehu Ibrahim Inyas a gilashin mota. Garin nan ne ake zana zaki da mikiya a bayan tirela, ake zana kawunan samari a allon shagon aski, aka yi ta zana 'yan mata da hannu a bangon littattafan soyayya kafin hoton 'yan fim ya kore su. Doki mai rai ne, mahayinsa mai rai ne. In addini ne ya tare masaƙi a ƙofa, ta ina barde ya bi ya wuce?

Ni a ganina kasuwa ce ta fi yin aiki. Mai zane yana cin abinci, kuma masu sayen zane a Arewa tun asali Turawan mulki ne, sai ma'aikatan jakadanci, sai bankuna da otal-otal da ofisoshin gwamnati. Su Arewar da suke so a bango ita ce wadda aka nuna wa Sarauniyar Ingila a hawan daba na Kaduna a 1956, aka sake nuna wa duniya a bikin FESTAC na 1977. Manajan banki ba zai rataye zanen majemi tsaye cikin ruwan jima har gwiwa a bayan kujerarsa ba. Mai kamfani kuwa, shi ne na ƙarshe da zai so a gani.

Sai kuma katanga. Marini a fili yake aiki, kowa ya zo wucewa ta Ƙofar Mata zai iya tsayawa ya kalla, shi ya sa har yau karofi ke samun masu zane da masu ɗaukar hoto. Masana'anta kuwa akwai get, akwai maigadi, akwai littafin sa hannu. Aikin ya koma bayan bango, har matar mutum da 'ya'yansa ba su taɓa ganin inda yake wuni ba. Ni kaina ban taɓa sa ƙafa a masaƙar Baba ba. Abin da na sani shi ne ƙarar jiniya da farin ƙurar da Inna ke kakkaɓewa daga rigarsa.

Dalili na uku ya fi ciwo, domin daga cikinmu yake. Kalmar lebura ba yabo ba ce a bakin Bahaushe. Marini da maƙeri da baduku suna da sarautar sana'a, suna da gado, suna da makaɗansu. Ma'aikacin kamfani ba shi da ko ɗaya; yaron wani ne, agogo ke juya shi. Lubeck ya tarar burin da yawansu shi ne su tara ɗan jari su koma kasuwa su ci gashin kansu. Mutumin da ke ganin inda yake zango ne ba ya neman a zana shi a wurin. In ya tashi zuwa gidan hoto, rigar Sallah yake sawa, ya karya hula, ya dafa tebur mai furen roba. Duk hotunan Baba na wancan zamani haka suke. Wanda bai san shi ba zai rantse ɗan kasuwar Kantin Kwari ne.

To, a can inda masana'antu suka fara fa? Barth ya rasu a Barlin a 1865. Shekara 7 bayan haka wani mai zane na birnin, Adolph Menzel, ya tafi wata babbar masana'antar narka ƙarfe a Königshütte, garin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Ya yi makonni yana tsaye cikin zafi da tartsatsi, ya yi zanen fensir sama da 100: yadda ake riƙe awartaki, yadda ƙafa ke tokare ƙasa in za a ja narkakken ƙarfe, yadda mutum ke kare fuska da damtse. Daga waɗannan ya haɗa babban zanen fenti da ya gama a 1875, wanda ke rataye a gidan zane na ƙasa a Barlin. Abin da ya fi kama ni a zanen ba wutar tsakiya ba ce. A gefe guda ga waɗanda suka tashi aiki suna wanke jiki, a ɗaya gefen wasu sun raɓe suna cin abinci, yarinyar da ta kawo musu kwando ta ɗago kai tana kallon mai kallo. Duk ɗan Dakata ya san yarinyar nan. Ita ce mai ɗanwake da mai shinkafa da wake da ke jira a bakin get da tsakar rana.

A Ingila kuma akwai L. S. Lowry, wanda ya yi sama da shekara 40 yana aikin karɓar kuɗin haya a unguwannin ma'aikata na Manchesta da Salford. Yana tafe gida gida yana zana abin da ya gani a bayan ambulan da guntayen takardu, da dare ya koma ya yi fenti. Masaƙun da ya zana yawancinsu an rushe su, amma jikokin ma'aikatan suna da inda za su je su ga taron kakanninsu na fitowa daga aiki. Na kawo Lowry ne saboda ya fi kusa da abokin aikin Baba. Ba baƙo ba ne da ya nemi izinin shiga, yana cikin unguwar, aikinsa ya sa shi a wurin, fensir kuma ba ya buƙatar jari. Tun da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya gano a 1795 yadda ake cuɗa garin baƙin dutsen rubutu da yumɓu a gasa, fensir ya zama kayan aikin da ya fi kowane araha. Yawan yumɓun ne ke sa ya yi tauri ko laushi. Ma'anar HB da 2B ɗin da aka tilasta mana saye ranar jarrabawa ke nan.

Kada in yi wa Hausawa rashin adalci. Mun zana ma'aikaci, da baki muka zana shi. Manoma da mahauta da maƙera da 'yan dambe kowa da makaɗinsa. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki yaron mota, wanda ba wanda ke kallo sau biyu, ya fito da shi a waƙar Karen Mota har kana ganin dattin rigarsa. Aikin da fensirin Menzel ya yi, shi kuntigi ya yi a nan, kuma ya isa kunnen mutanen da ba za su taɓa shiga gidan zane ba. Sai dai waƙa tana riƙe hali da suna, ba ta riƙe yadda inji yake, da inda ake tsayawa, da yadda hannu ke ƙulla zare kafin heluma ya juyo. Waɗannan sai ido.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada. Wuta ta zama sai an gani, kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai. Atamfa da shadda na waje, na fasa-ƙwauri da na halak, suka cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Kano da Kaduna. Ta su Baba ta rufe ina firamare, aka ce su je za a neme su, ya koma sayar da kayan miya a 'Yankaba. Wasu injinan an sayar da su a kilo ga 'yan gwangwan. Yau in ka bi wasu titunan Bompai, gine-ginen na nan amma sun zama rumbun ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Ba wai aiki ya ƙare ba ne. Har yanzu ana jima a Challawa, ana narka roba ana yin silifa da bokiti da tabarma, ana casar shinkafa, kuma da sassafe za ka ga samari da 'yan mata sun cika adaidaita sahu sun nufi Sharaɗa. Kowannensu da waya mai kyamara a aljihu, amma kamfanoni da yawa ba sa barin a ɗauki hoto a ciki, su ma kuma in za su sa hoto a Facebook sai sun yi wanka sun canza kaya, kamar dai iyayensu. Matasa masu zanen fensir kuwa sun yawaita a Kano, wasunsu in suka zana fuska sai ka rantse hoto ne. Ka duba abin da suke zanawa: gwamna, sarki, jarumin fim, amarya da ango. Ban ga laifinsu ba, mai biya shi ke zaɓa.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a nan abin ya sake cin karo da ni ta inda ban zata ba. Wata rana na gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ƙirƙiro hoto daga rubutu, na ce ta zana mini ma'aikacin masaƙa a Kano a shekarun 1980. Ta ba ni dattijo da rawani zaune gaban masaƙar hannu, ga bangon ƙasa a bayansa. Na sake gwadawa, ta ba ni wata masana'anta fes mai kama da ta Asiya, an dai baƙanta fatar mutanen. Ban yi mamaki ba, don na san yadda ake gina irin waɗannan manhajoji: daga tarin hotuna da zane-zanen da mutane suka riga suka yi suke koyo. An ba ta Kanon Barth da Kanon kalanda, su ta dawo mini da su.

Shi ya sa na ɗauki kwalin Baba na kai shagon da ke da na'urar kwafe takardu mai kyau, aka ɗauke mini shi, na dawo gida na buɗe a kwamfuta na ƙara masa girma. Shekaru sun yi masa illa: ga tabon mai, ga inda kyankyaso ya ci, ga layin ninki ya ratsa ta kan injin. Na zauna ina gogewa a hankali. Baba ya shigo daga masallaci bayan la'asar ya tsaya a kaina, ya ga kansa ya cika allon kwamfuta, ya yi dariya ya ce ashe haka ya rame a lokacin. Ya shiga nuna mini abubuwa da yatsa: nan ne ƙoshiya ke wucewa, in ta kuɓuce tana iya fasa wa mutum ido, wannan ƙarfen shi ake takawa a tsayar da inji, mutum ɗaya inji huɗu yake kula da su, shi ya sa ba a zama.

Akwai wani ɗan zagaye a daidai kunnensa na hagu, ƙarami kamar ƙwayar gero. Na ɗauka datti ne, na kai kibiyar kwamfuta zan share.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kai, bar shi. Auduga ce."

Na ce, "Auduga kuma, Baba?"

Ya ce ita suke cusawa a kunne saboda ƙarar injina, in ba haka ba mutum ya tashi aiki ya kwana kansa na amsawa. Ya ƙara matsowa ya ƙura wa zagayen ido, ya ce, "Ka ga mutumin nan, har wannan sai da ya sa." Na tambaye shi ko ya san inda mai zanen yake yanzu. Bai amsa ba, don ta gefen hagunsa nake zaune. Sai da na zagayo ta dama na sake tambaya, sannan ya ce tun ranar da aka rufe get rabonsa da shi, amma ya ji an ce ya koma garinsu noma.